Wanda Ya Saya da Wadda Ta Wanke

Idan kana son sanin yadda ake rabon albarka a gidajenmu, saurari wannan.

Wata tsohuwa ce gwiwoyinta suka gaza, tsuguno ya gagare ta. 'Ya'yanta biyu: namiji yana birni, ƙanwarsa tana aure a bayan layinsu. Ɗan ya aiko da kujerar ban-ɗaki ta roba, irin mai tudun nan da ake ɗorawa a kan masai domin mai ciwo ya zauna ba sai ya yi ƙasa ba. Duk wanda ya zo dubiya sai an kai shi ya gani, tsohuwa tana cewa, “Ɗana ne ya saya, Allah ya yi masa albarka.” Amma kujera ba ta wanke kanta. Kowace safiya 'yar ce ke zuwa ta cire ta, ta kifa ta a bakin kwata. Takan tankaɗe toka sai ta yi laushi, don kada ta karce robar, har ƙazanta ta sami maɓoya. Ta kwaɓa tokar da ruwan kanwa, ta bi lungunan ƙarƙashi da tsohon buroshin haƙori, ta goge da ɓarin lemun tsami, ta ɗauraye da ruwan ɗumi, ta shanya a rana. Kanwa ta tsattsaga mata yatsu, lemun tsami yana shiga tsagar. Ba ta nemi komai a hannun kowa ba. Abin da take jira kawai, bakin da ya ambaci yayanta ya ambace ta.

Sai haihuwa ta kwantar da ita. Babu wanda ya lura da aikin da ya tsaya, domin babu wanda ya taɓa lura ana yin sa. Kujera ta yi rawaya, zarni ya iso tsakar gida, ƙuraje suka feso wa tsohuwa a cinya. Ɗan ya zo, ya leƙa daga bakin ƙofa da hannu a hanci, ya yanke hukunci cewa robar ce ta lalace. Kafin la'asar ya sayo sabuwa. Aka kira maƙwabta suka gani, aka sake sa masa albarka.

Da 'yar ta gama wankan jego, ta shigo da goyo a baya, sai uwar ta ɗago ta dube ta. “Sai yanzu? Ba don yayanki ba, da na ruɓe a ɗakin nan. Ga sabuwa can ya sayo. Ki kula da ita, kada ki lalata masa kamar waccan.”

“To, Inna,” in ji 'yar. Ta gyara goyonta, ta ɗauko rariya, ta nufi murhu ɗiban toka.

Hausawa sun daɗe da gama magana a kan irin wannan rabo: kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.