Wanda Ya Bi Sawun Malaminsa

Zauna, Malam Ɗahiru. Tun ɗazu kake kai-komo kana cewa za ka bar koyarwa. Ji wannan tukuna.

An yi wani farfesa mai koyar da Turanci a wata jami'a, ɗalibai sun ɗauke shi tamkar uba. Yakan tsaya da ɗalibi a bakin aji har rana ta karkata don jimla ɗaya ta miƙe, wanda kuma ya ga alamar yunwa a fuskarsa sai ya tura shi gidansa cin tuwo. Da ya rasu, wani tsohon ɗalibinsa da shi ma ya zama malami ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya je ofishin marigayin, ya tarar an cire sunansa daga ƙofa, wani ne daban a kujerar. Ya tambayi littattafansa, aka ce suna sito cikin kwalaye, gara ta fara cin na ƙasa. Ya je gidan, iyali sun koma ƙauye. Ya tare wasu sababbin ɗalibai ya ambaci sunan, suka kalli juna. Abinci ya daina shigar masa. Ya ce in haka ake ƙarewa, gwamma ya ajiye alli ya kama kasuwa.

Ya hau mota zuwa ƙauyen don ta'aziyya, sai ta lalace a hanya, kusa da wata firamare da iska ta yaye rabin rufinta. Jira a inuwa ya gagare shi, ya yi ta zagaye har ya kai gindin tagar wani aji. A ciki wata yarinya na karatun Turanci, harshenta na sarƙewa, yara na dariya. Malamar ta ƙwanƙwasa tebur da yatsa, ta ce, "Kuskure ba sata ba ne. Sake a hankali, kamar kakarki kike gaya wa." Ya tsaya cak, domin kalaman farfesa ne, har da ƙwanƙwasar. Ya leƙa ya yi sallama, ya tambaye ta inda ta san marigayin. Ta ce, "Wallahi Malam, ban taɓa jin sunansa ba. Haka malamarmu take ce mana a sakandare." Yarinyar ta sake, ta kai ƙarshen layin. An gyara mota, direba na ta danna hon, shi kuwa yana tsaye yana share ido. Da ya dawo daga ta'aziyya, ajinsa ya koma.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.