Shirun Bobbo a Gaban Alƙali

Duk inda Malam Ja'afaru ya kafa teburin lacca, sai ka hango Bobbo can baya, ya dogara da sandarsa. Tsohon makiyayi ne daga wata ruga kusa da Ikara. Ba ya tafa hannu, ba ya gaisawa da kowa, ko kallon mai laccar ba ya yi. 'Yan jam'iyyar Ja'afaru sun daɗe da yanke cewa ɗan leƙen asirin hakimi ne.

Ja'afaru kuwa a Kudan ya tashi, a hannun kakarsa. Ya ajiye koyarwa ya shiga siyasa, yana bin kasuwanni yana cewa Turawa su tattara su bar mana ƙasarmu, a kuma daina kwasar talakawa aikin hanya na tilas. Sau biyu ana yi masa bulala, bakin nan bai mutu ba.

Ran kasuwar Makarfi dogarai suka sauko da shi daga kan tebur, suka kai shi gaban alƙali. Wannan karon dabara aka yi, aka ce baƙo ne marar asali, turo shi aka yi ya ta da fitina. Kakar ta riga ta rasu, mutanen Kudan kuma tsoro ya hana su zuwa.

Alƙali ya dubi jama'a ya ce, "In akwai wanda zai tashi ya ambaci sunan mutumin nan, ya ce ya san uban da ya haife shi, yanzu a sallame shi. In babu, sai kurkuku."

Bobbo yana zaune a bakin ƙofa. Ya muskuta kamar zai miƙe, sai ya ga idanun jama'a, ya sunkuyar da kai. Ja'afaru ya dube shi sau ɗaya, shi ma ya yi shiru. Har sau uku alƙali yana tambaya.

Aka tafi da Ja'afaru a ɗaure. Kafin damina ta ɗauke, labari ya iso cewa zazzaɓi ya kashe shi a can.

Tun daga ranar Bobbo bai sake fita kiwo ba, abinci ma sai an matsa masa. Ƙanwarsa Hajo ta zo ta same shi ya rame, ta ce, "Hamma, sau uku fa aka tambaya. Me ya riƙe ka?"

Ya amsa, hawaye na bin gemunsa.

"Kunya, Hajo. Ni na kashe shi. Ke ma kin sani, mutum ba ya kama sunan ɗansa na fari a gaban jama'a."