Shanun Hure da Saƙon da Munkaila Ya Ƙi

Munkaila mai allurar dabbobi ne a Dogon Kiriya. Ya daɗe yana zaga rugage a kan babur, jakar magani ɗaure a baya, kuma makiyaya sun yarda da hannunsa. Saniya ta kwanta ko tunkiya ta ƙi kiwo, shi ake kira.

Ƙungiyar masu kula da lafiyar dabbobi ta yankinsu tana aika labari ta imel. Mutum ya ba da adireshinsa sau ɗaya, na'ura ta riƙa turo masa duk abin da ya shafi sana'a: inda cuta ta ɓulla, maganin da aka hana, lokacin rigakafi. Nazifa, sakatariyar ƙungiyar a Dogon Dutsi, ita ta sa sunan Munkaila a jerin.

Saƙonnin suka ishe shi. Yawancinsu sanarwar taro ce a Yamai, irin taron da ba a taɓa gayyatarsa ba. Wata rana ya hau tudu neman rezo, wato sabis na waya, ya tarar sun taru sun cika masa waya. Bai karanta ko ɗaya ba. Ya buɗe guda, ya gangara ƙarshen saƙon, ya latsa layin da ake cire suna.

Ranar kasuwar Dogon Dutsi suka haɗu da Nazifa.

"Malam Munkaila, na ga ka fita daga jerin. In kuskure ne, in maida ka."

"Ba kuskure ba ne, Madam. Da hannuna na fita. Tun kina lakwal kina koyon karatu nike soka allura. Na'urar da ba ta taɓa riƙe ƙahon sa ba, ita za ta koya mini aiki?"

"Ba koyarwa take ba, labari take kawowa. Wani ba shi da amfani, wani kuwa rai ne."

"Ni dai forfena take cinyewa, kuɗin da nike zuba wa waya. In akwai magana, dabba za ta gwada mini."

Ya tada babur ya tafi.

Da damina ta faɗi, ƙungiya ta aika gargaɗi. An shigo da allurar ciwon hanta ta jabu, kwalbarta da takardarta kamar ta gaske, sai dai marufinta ja ne. An sa hotonta, an ce kada kowa ya taɓa dabba da ita. Saƙon ya shiga wayar kowa a Tibiri da Matankari da sauran garuruwa. Wayar Munkaila kaɗai ya tsallake.

Shi kuwa ya sami maganin a hannun wani ɗan tireda, ya sayi kwali guda.

Rugar Hure ya fara zuwa. Hure Bafullatana ce, mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya da 'yan shanun tatsa. Da nononsu take cin kasuwa, da shi take sayo hatsi. Ita da kanta ta riƙe masa igiya yana soka allura, ta kuma dama masa fura da ya gama.

Washegari wuyan shanun ya kumbura. Suka daina kiwo, kumfa na zuba daga bakinsu. Kafin a nemo Munkaila ya iso, manyan sun faɗi. Waɗanda aka samu da rai aka yanka, ba wanda ya yarda ya ci naman. 'Yan maruƙa kawai suka rage, suna zagaya turaku suna kuka.

Munkaila ya ɗauki kwalba ya nufi Dogon Dutsi cikin fushi, zai kai ƙarar mai tireda. Nazifa ta dubi jan marufin, ta juyo masa da kwamfuta. Ga hoton kwalbar nan. Ya duba ranar da aka aiko saƙon, ya ga tun kafin ya je sayayya ne. Ya zauna a bakin ƙofa.

Aka yi zama a ƙofar maigari. Kawu, yayan mijin Hure, ya so a rufe magana.

"Ƙaddara ce, Hure. Mutumen nan ya daɗe yana mana aiki. Ki yi haƙuri a bar shi haka."

Hure ta miƙe tsaye a gaban maza.

"Kawu, na yarda da ƙaddara. Da na binne ƙaninka, ka ji na kai ƙarar wani? Amma wannan an aiko masa da gargaɗi, ya toshe hanyar da hannunsa. In na yi shiru, gobe rugar wa za shi da sauran kwalabe?"

"Zauna mana, ana kallonki."

"A kalle ni. Ba ni zama sai an rubuta abin da ya faru an kai Dogon Dutsi."

Ba ta zauna ba sai da aka rubuta. Ma'aikatar kiwo ta kwashe sauran kwalaben, ta karɓe takardar izinin Munkaila. Ya sayar da babur, ya sayi karsana ya jawo ta har rugar. Hure ta karɓi igiyar don 'ya'yanta, amma da ya fara ba da haƙuri sai ta shige bukka. Yau manyan 'ya'yanta shanun wasu suke kiwo, ita kuma itace take kaiwa kasuwa.

Mai karatu, daɗewa a sana'a ba ta gaya maka abin da ya faru jiya. In ƙungiyarku na aika labari, ka sa sunanka, ka buɗe ka karanta, domin wanda sakacinka zai kayar sau da yawa shi ne wanda ya amince da kai.