Rawar Da Abba Ya Hana Mu

"Zinatu, don girman Allah ki koya mini rawar nan da ake riƙe juna a hankali."

Saura kaɗan kofin shayi ya suɓuce mini. Abba ne fa, wanda ya taɓa bi na har ƙofar kulob a unguwar Catford ta Landan ya taso ƙeyata gida.

"Abba, mu ba ma irin wannan. Kowa tsallensa yake shi kaɗai, waya a hannu. In wata ta burge ka, sai ka yi mata message."

"A zamaninmu, in aka sa faifai mai sanyi, gabanta za ka je ka miƙa hannu." Ya dube ni. "Mamanki ta daina gane ni, ta daina cin abinci. Kiɗa kaɗai take ɗaga wa kai."

Kullum muka dinga gwadawa a falo, yana tattake mini ƙafa.

Ranar Lahadi muka je care home, gidan kula da tsofaffi inda Mama take. Na kunna tsohon kiɗa, Abba ya miƙa hannu. Mama ta tashi, ta kwantar da kai a ƙirjinsa.

"Uwaisu! Ka dawo?"

Sunan Abba Nuruddin.

"Na dawo," in ji shi.

A cikin bas na tambaye shi wane ne Uwaisu.

"Abokina ne. Shi ke rawa da ita a Kaduna, ni ina jikin bango riƙe da kwat ɗinsa." Ya share ido. "Gobe ma za mu koma. Kin ga ai yau ta ci abinci."