Sakan Biyun da Koci Ya Ƙara

Daso tana da shekara ashirin da uku, kuma a duk Suleja babu macen da ke kamo ta a tseren mita ɗari huɗu. Ranar Asabar bayan atisaye, kocinta Khamis ya tare ta a bakin fili, ya ce magabatansa za su je gidansu a Kwamba neman aurenta.

Ba ta ɗago ba, ta ci gaba da kwance igiyar takalminta.

"Koci, jiya na sa ƙawata ta auna min gudu da wayarta, har sau uku. Sakan hamsin da biyar. Kai kuma wata shida kana ce min hamsin da bakwai, wai ban isa zuwa gwajin Abuja ba. Agogon ne ya lalace, ko yatsanka ne ke nauyi?"

Ya kau da kai.

"Duk wadda aka ɗauka ba ta dawowa, Daso. Tsoro na ji."

"To, ka ce wa magabatan naka kada su wahalar da kansu."

Ta saɓa jakarta, ta tsayar da keke. Tun kafin su kai titi ta kira mai rubuta sunayen masu zuwa gwaji, ta ce a sa nata.