Alƙur'anin da Malam Ya Riƙe

Yabo ya tabbata ga Allah da Ya sanar da ɗan Adam da alƙalami. Tsira da aminci ga Manzonsa.

Ranar sadakar ukun rasuwar malamina, matarsa ta sa aka kira ni zaurensu a Tudun Wada.

"Kai ne mai fushin shekara talatin?" ta ce daga bayan labule. "Karɓi kayanka."

Cikin gafakar fata na ga Alƙur'anin farko da na rubuta da hannuna. Ran da na kai wa Malam ya duba, takarda biyu ya buɗe, ya ce, "Bar shi nan." Bai yaba ba, bai kushe ba. Na yi zuciya, na ɗauke ƙafa. Rubutuna ya yi suna har Abuja, amma kalmarsa guda nake jira.

Nan cikin zauren na shiga neman inda Malam ya yi gyara. Babu. Gefen takardun ne ya yi baƙi da yawan juyawa.

"Da shi yake tilawa kowace asuba," ta ce. "Ya yi ta jira ka leƙo ya faɗa maka."

Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya tsare mai karatu daga irin girman kaina. Amin.