Sandan Majalisar Gundumarmu

Onufry Zaremba ya sunkuya, takalmin wani ya wuce ta bisa kansa ya bugi bangon coci. Rana ta take, majalisar masu takobi ta gundumar ba ta ma zaɓi shugaba mai riƙe sanda ba, kuma sai da shi ake yanke magana a ƙasar Poland.

Gada kawai Onufry yake nema a gina a kan kogin gundumar. Kogin ya ci ƙaninsa bara, da keken doki da komai. Amma doka ta ce ko mutum ɗaya ya miƙe ya ce "ban yarda ba", taro ya watse. Kajetan Wolski kuwa, mai gashin baki har kunne, ya daɗe yana watsa shi don nishaɗi.

Duk wanda aka ambata don riƙe sandan, sai wani ɓangare ya zare takobi. Can idon Onufry ya kai kan wani dattijo baƙo a bencin gaba, cikin baƙar riga mai tsada, kansa a sunkuye.

"Ga wanda ba naku ba, ba namu ba!" in ji Onufry, yana nuna shi.

Gajiya ta sa aka amince. Aka danƙa wa dattijon sanda, ya karɓa da ladabi, ya dogara a kai.

Ba a taɓa ganin shugaba irinsa ba. Wani ya harba bindiga sama, ko ƙiftawa bai yi ba. Aka yi masa kirari, aka zagi kakansa, duk ɗaya. In ya ga ana wasa da takobi kusa da bagadi, sai ya buga sandan a ƙasa, ya yi wani kallo na takaici, manyan mutane su zauna kamar yara.

Onufry ya kawo maganar gada. Dattijon ya dube shi, ya share hawaye.

Sai Kajetan ya taso, fuska jawur, yana wurga hannuwa, har gaban shugaba.

"Ban yarda ba! Ka ji ni, tsoho? Ban yarda ba!"

Onufry ya runtse ido, ya san shi ke nan.

Dattijon ya jingine sanda, ya rungume Kajetan, yana bubbuga bayansa a hankali. Rabon da wani ya rungumi Kajetan tun rasuwar mahaifiyarsa. Ƙato ya ɓarke da kuka kamar maraƙi.

"A gina ta," ya ce cikin shessheƙa. "A gina biyu ma!"

Huluna suka tashi sama. Aka mirgino gangar giyar zuma har bakin ƙofa. Onufry ya durƙusa ya sumbaci hannun dattijon.

"Baba, ka ceci gundumar nan. Wa za mu ce ya shugabance mu?"

Dattijon ya ƙura wa leɓunansa ido, ya kama kunne, sannan ya ɗaga murya har rufin coci ya amsa:

"Ɗana, ba na ji! Na dai yi wa mai kukan nan ta'aziyya. Yaushe za a shigo da gawar?"